Ƙodar da Muka Baro a Babban Duhu

Tun ranar da na sauka daga akori-kura a tashar Batsari ba ku bar ni na huta ba. Kowace ta zo sannu da zuwa sai ta gyara zama ta ce, "To Matar Malam, ya Ingila? Da gaske ne ƙanƙara na zubowa kamar auduga?" Wata har da leƙen bayan ƙofa ko za ta hango akwatin tsaraba. Kaɗan ne cikinku suka fara da tambayar jikin Malam, kuma na san su. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, a karanta muku a zumuntar mata ranar Alhamis, bakina ya huta. Ba yawon buɗe ido na je ba. Mijina na kai, kuma can na baro shi kwance.

Ga waɗanda ba su san mafarin ba: Malam Iliya, hedimastan firamarenmu, ƙafafunsa suka fara kumbura a daminar bara, sai fuska ta biyo baya. Daga asibitin Katsina aka tura mu Zariya, can likitoci suka ce ƙodojinsa duka biyu sun daina aiki, sai dai a dasa masa wata, kuma ba a yin wannan aikin a ƙasar nan. Gwamnati ta ce za ta ɗauki nauyi tunda ma'aikacinta ne. Sharaɗi ɗaya likitocin suka kafa, kuma sun maimaita shi har na haddace: a tafi da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda zai ba shi ƙoda guda.

Ƙannen Malam maza biyu ne. Akwai Luka, wanda kuka sani, mai jan waƙa a majami'a. Akwai Sale, wanda ya musulunta tun yana saurayi, ya koma Babban Duhu yana noma da kiwon shanu. Shi da Malam ba sa ko gaisawa tun da aka binne mahaifinsu ba a jira Sale ya dawo daga daji ba. Da aka taru a gidan Inna, surukata, don a zaɓi mai tafiya, babu wanda ya ambaci Sale. Baba Magaji, dattijon majami'armu, shi ya buɗe taron da addu'a. Luka ya miƙe tun ba a tambaye shi ba. Inna daga bayan zana ta ce, "Luka shi tahi." Aka ɗebi jininsa a Zariya aka ce rukuninsu ɗaya da na Malam, sauran awon sai an je can. Kowa ya ce Allah ya yi.

Ranar tafiya duk garin ya fito, har limamin unguwarmu ya zo ya riƙe hannun Malam ya yi masa addu'a. Inna ce kawai ba ta fito ba. Malam ɗan farinta ne, tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakanninsa, daga can ya wuce makarantar mishan. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko na baftisma ko na yanka. "Wancan" take cewa, ko "mutumin gidanku". Na shiga yi mata sallama na tarar ta juya baya tana tankaɗe, kamar kasuwar Runka za mu je mu dawo. Na san al'ada ce, ni ma da ita na tashi. Amma ranar raina ya ɓaci matuƙa, don mutumin da ake ɗauka a sa a mota ba a san ko zai dawo da ƙafarsa ba. Sai da muka zauna a mota wata maƙwabciya ta miƙo mini ƙulli ta taga, ta ce in ji Inna. Daddawa ce da kuka da kilishi.

Ƙarshen damina ne, ruwa ya cinye gefen wata gada kafin Katsina. Direba ya ce kowa ya sauka ya taka. Na ce masa, "Kana ganin mutumin nan zai iya takawa?" Ya ce shi mota yake ja, ba asibiti ba. Kafin in gaya masa abin da ke bakina Luka ya durƙusa, ya goya yayansa, ya shiga ruwa har gwiwa. Hedimasta guda a bayan ƙaninsa kamar jariri, takalmansa a hannuna. Fasinjoji suka yi ta sannu, ni kuwa na bi direban da harara har Kano.

A jirgin sama babu abin da zan gaya muku sai Luka. Da jirgin ya ɗaga hanci sai ya ƙanƙame kujera ya ɓarke da waƙar sujada da dukan muryarsa, kamar ranar Kirsimeti. Wani Alhaji na kusa da shi ya ga ba za a bar shi a baya ba, ya ɗaga tasa muryar da salati. Haka suka yi ta yi, wannan na ja wancan na ja, har wata ma'aikaciyar jirgi ta zo ta ba kowannensu alewa. Malam ya yi dariya har da hawaye. Wannan ce dariyarsa ta kirki ta ƙarshe da na gani.

A filin jirgin Landan na fara faɗa da Turawa. Ɗan kwastan ya kwance ƙullin Inna, daddawa ta gaishe shi. Ya ja da baya ya toshe hanci, ya kira wani, wancan ma ya toshe nasa. Suka ɗauke ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera suka jefa a kwandon shara, kilishi ya bi bayanta. Turancina na makarantar mishan ne, amma ranar ya ishe ni. Na ce musu uwar mara lafiyan nan ce ta ba shi, ita ce sallamarta, ba ta da wata. Suka dube ni kamar rediyo ke magana. Da suka zo kan kuka sai suka fara shinshina suna duban juna, na dangwala yatsa na lasa a gabansu, na ce to ku jira in faɗi. Suka bar mini kukar. Sai ku gaya mini abin da miyar kuka za ta zama ba daddawa.

Daga nan aka wuce da Malam asibiti, mu kuma mutumin da aka turo ya tarye mu ya kai mu masauki, gidan wata tsohuwar Baturiya mai ba da hayar ɗakuna. Ita kaɗai ce a gidan sai karenta, wanda ke sa rigar sanyi kuma yana da kujerarsa da ba mai zama a kai. Luka ya raɗa mata suna Uwar Kare. Washegari da safe na je gaishe ta yadda ake gaida babba, na durƙusa har ƙasa. Matar nan ta saki kofin shayi ta rugo ta kama ni, tana tsammani jiri ne ya kwashe ni. Can gaisuwa kalma biyu ce, kana faɗi kana wucewa. Ba mai tambayarka gajiya, ba mai tambayarka mutanen gida. Sanyi kuwa har cikin ƙashi, kuma murhun ɗumama ɗakin sai ka jefa masa kwabo yake ci, yana cinyewa ya mutu.

Abinci dankalin Turawa ne da kabeji, a dafa su cikin ruwa har su fita hayyacinsu, ba yaji ba gishirin kirki. Luka, mai tashi da malmala uku, ya fara ramewa, alhali an ce ya kula da jikinsa saboda aikin. Na samu wani farin gari nasu na tuƙa abin da ya yi kama da tuwo, na kaɗa kuka. Uwar Kare ta bubbuɗe tagogi duka cikin wannan sanyin. Daga baya dai ta zo da cokali ta ɗiba, da ta ga miyar ta biyo cokalin tana yauƙi sai ta ajiye ta ce ta ƙoshi. Karen ne ya lashe kwanon.

Asibitin tsaf-tsaf, ba zan yi musu ƙarya ba. Suna haɗa Malam da wani inji mai wanke jini. Jinin ya fita ta wannan robar ya zaga ya dawo ta waccan, shi yana kwance yana kallon rufi. In aka cire shi sai ya zama kamar tsumman da aka matse. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ruwa. Ɗan kofi ake auna masa na yini guda. Mutumin da zai dawo daga makaranta ya kafa kai a kwanon sha sai ya ga ƙarshensa, shi ne yake lasar leɓe yana ce mini, "Rifkatu, ko cokali ɗaya na fura." Dubiya kuma da lokacinta, ana kaɗa ƙararrawa a kore ka. Kuma furanni suke kawo wa mara lafiya. Furanni, jama'a! Tsohon da ke gadon kusa da Malam yana da 'ya'ya a cikin garin, ban taɓa ganin ƙeyar ko ɗaya ba. Ni nake gyara masa matashi in yi masa sannu da Hausa, yana gyaɗa kai.

Ranar Lahadi Uwar Kare ta kai mu majami'arsu. Ginin zai haɗiye tamu sau goma, amma mutanen ciki ba su kai 'yan zumuntar matanmu ba, kuma duk masu furfura. Ba ganga, ba tafi. Luka ya ce amin da ƙarfi sau ɗaya, duk suka waiwayo. Na zauna ina tunanin su ne fa suka tako har ƙauyukanmu suka ce mu bar tsafi mu bi Yesu, ga shi mun biyo su har gida mun tarar sun tashi.

Sai ranar da babban likitan ya kira mu. Malam na kan kujera mai taya, ni da Luka muna tsaye. Ya ce an gama awon, jikin Luka bai dace da na Malam ba. Bai ce ya ɗan saɓa ba, ya ce babu inda suka haɗu, in aka dasa ƙodar Luka jikin Malam zai ƙi ta. Ya ce hakan na faruwa ko tsakanin 'yan'uwa, sannan ya cire tabarau ya tambaya a hankali, "Kun tabbata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya?"

Malam ya daki hannun kujerar. "Ƙanena ne! Wace irin tambaya ce wannan?"

Likitan ya ba da haƙuri. Ya ce saura hanya biyu. Ko a kawo wani ɗan'uwan, ko a jira wani ya mutu, galibi a hatsarin mota, a ɗauki tasa. Amma layin masu jiran nan dogo ne, baƙo kuma a ƙarshensa yake, ga jikin Malam yana raguwa.

Luka ya fita. Na same shi zaune a kan matakala, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce, "Matar Yaya, mi na yi wa Allah da ko ƙodata bai so?" Na zauna kusa da shi. Can ya ce, "Muna yara ana tsokanata da Bafillace saboda hancina. In na kai ƙara Inna ta bi yaran da muciya. In kin koma ki tambaye ta. Kome ta ce kada ki ɓoye mani, kada ki ɓoye wa kowa. Ɓoyon ya isa haka nan."

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi muni a rayuwata. Tagar masaukinmu na kallon babban titi, motar ɗaukar marasa lafiya na wucewa da jiniya ba dare ba rana. Wata rana ina wanke kwano ta wuce, sai na ji zuciyata ta yi tsalle, ta ce ko wannan ne. Na saki kwanon. Ni Rifkatu, mai koyar da yara a makarantar Lahadi, ina murna da jiniya. Ɗan wata uwa ne fa a cikin motar nan.

Na tafi ɗan ɗakin addu'a na asibitin da rana tsaka, ba kowa. Ban durƙusa ba. Na tsaya na ɗaga murya da Hausa, na ce, "Ya Ubangiji, me kake so in roƙa? In ce ka kifar da motar wani don mijina ya tashi? Ba zan roƙa ba. Mutumin nan ya yi maka aiki tun yana saurayi, ya koyar da 'ya'yan Kirista da na Musulmi bai bambanta ba. Ka ɗauko mu daga Batsari ka tsallakar da mu teku don ka nuna mana ƙofa a rufe? In gwaji ne, ka gwada ni, ni ce mai baki. Shi ko ruwa ba ya sha." Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, Fasto zai ji.

Da na juya sai na ga wata nas a bakin ƙofa, baƙa wuluk kamar mu, amma daga wasu tsibirai take, ba ta jin kowane yaren ƙasar nan. Ta ce ba ta fahimci kalma ɗaya ba amma ta san faɗa in ta ji shi. Na ce da Allah nake faɗan. Ta ce, "Ci gaba. Wanda ya tafi ba ya tsayawa faɗa." Ta zauna a benci na baya har na gama, ta miƙo mini hankici, ta koma aikinta. Ban ji wata murya daga sama ba, kada wata ta ƙara wa labarin gishiri. Abin da na sani kawai, na fito na san inda za ni.

Na gaya wa Malam zan koma gida in zo da Sale. Ya juya fuska ga bango ya ce gara ya mutu da ya roƙi wanda ya ƙi gaishe shi shekara da shekaru. Na ce, "Malam, girman kan nan naka shi zai wanke maka jini? In ka mutu kai ka huta, ni za a bari da yara." Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa yi masa magana haka ba. Bai dai hana ni ba. Na bar shi a hannun Luka. Uwar Kare ta rako ni har bakin titi, ta cusa mini rigar sanyi a jaka, ta ce tana sa sunan Malam a addu'a kowace safiya. Na gode mata, na kuma ji kunyar sunan da muka sa mata.

Ban kwana a Batsari ba sai da na je gidan Inna. Na gaishe ta yadda ya kamata, ta tambayi hanya, ta tambayi Luka, sannan ta dubi ƙasa ta ce, "Ya mai jikin?" Na ce yana nan tsakanin rai da mutuwa. Na ce, "Inna, wa ya haifi Luka?"

Ta murza bakin zaninta. Sannan ta ce shekarar da sanƙarau ya ɗauke mata jariri, wata Bafillatana ta rasu wurin haihuwa a rugar da ke bayan gonarsu. Aka kawo mata ɗan cikin ƙwarya, ita kuma ga nono na zuba. Lokacin Malam na wurin kakanninsa, da ya zo ganin gida ya tarar da ƙane, ba wanda ya ce masa komai.

Na ce, "Inna, kin ji abin da likita ya ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ta ce, "To ni ba uwa ba ce? Nonon ga shi ya sha har ya yi ƙafa. Jinin da ke jikinshi daga ina ya hito in ba daga nan ba?" Ta dafa ƙirjinta. "Kuma a gaban mutane kike so in ce ba nawa ba ne? Ɗan da ya miƙe da kanshi?"

Ba ƙarya ta shirya ba, har ga Allah haka ta yarda. Shi ya sa fushina ya rasa inda zai sauka, sai na kwashe shi na kai wa Baba Magaji, don Inna ta ce shi ya ɗauko ƙwaryar da hannunsa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran igiya. Na ce, "Baba, kana zaune a wurin, kai ka yi addu'ar buɗe taro, kuma ka sani." Ya ce, "'Yata, ba a faɗin irin wannan. Ɗan riƙo ɗa ne." Na ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, Baba. Kun ji kunyar minti ɗaya, kun tura mutum ƙasar sanyi ya yi wata da watanni yana lasar leɓe." Ya sunkuyar da kai. Kuma na san cikin masu sauraron takardar nan akwai tsofaffin da suka sani, suka zo tasha suka ɗaga mana hannu. Ban yafe ba tukuna, ina dai roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa. Luka kuwa ɗan gidan nan ne, ya goyi yayansa a ruwa, ya miƙa cikinsa a yanka. Wadda ta canza masa fuska in ya dawo za ta gamu da ni.

Ranar kasuwar Runka na je tasha da sassafe, sai na tarar da Inna zaune a kan dutse da sandarta. Ban gayyace ta ba. Ta ce, "Ke kin san hanyar Babban Duhu ne?" Muka hau bayan akori-kura tare da buhuna da awaki, inda mota ta tsaya muka ƙarasa da ƙafa cikin zafin bazara, tsohuwar nan na gaba ina bin ta.

Sale ya karɓe mu da mutunci, ba zan rage masa ba. Ya durƙusa ya gaida uwarsa, aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗurumi, matarsa ta kawo fura da nono mai sanyi. Na kalli kwanon na tuna mai roƙon cokali ɗaya, na kasa sha. Da aka gama gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni, ban ɓoye komai ba, har yankan da za a yi masa da cewa wataƙila shi ma ba zai dace ba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Matar Yaya, ran da aka rufe Baba, yini ɗaya aka kasa jirana. Na iso na tarar da ƙasa. Da aka tashi neman mai tahiya, an tuna da ni? An ce Sale ya bar gida. Yau da ake son naman jikina an gane hanyar Babban Duhu." Ya ce shi ba ya yi wa kowa fatan mutuwa, zai sa malamai su yi addu'a, zai ba da sa guda a sayar. Amma shi da shanunsa da iyalinsa ba inda za shi.

Na buɗe baki, kuma Allah ya sani abin da zai fito ba mai daɗi ba ne. Sai Inna ta dafa gwiwata. Ba ta dubi Sale ba, gabanta take kallo.

Ta ce, "Nomau na mutuwa."

Matar Sale da ke tsugune ta rufe baki da hannu. Ni kaina sai da na yi jim kafin na gane wa take nufi, don sunan yankan Malam ne, kuma ban taɓa jin sa a bakin kowa ba sai a bakin marigayi mahaifinsu.

Ta ce, "Nomau. Ɗana na fari. Ban taɓa ɗaukarshi a gaban mutane ba. Ran da za shi tahi ina jin tashin motar, ban waiwaya ba. Na tura mashi wanda na shayar, an ce bai yi ba. Saura wanda na haifa." Sannan ta juyo ta dube shi. "Sale, Nomau nike roƙo."

Sale ya tashi ya zaga bayan rumbu. Muna jin sa yana fyace hanci. Ya daɗe. Da ya dawo idanunsa jawur, bai zauna ba, ya ce da ni cikin faɗa kamar ni na yi masa laifi, "Hoton fasfon nan, a Katsina ake ɗauka ko sai Kano?"

Yanzu takardunsa muke jira. Ya je wurin malaminsa, an ce masa ceton rai ne, babu laifi ya tafi. Ko jikinsa zai dace, likita bai yi alkawari ba, ni ma ba zan yi muku ba. Ni da Ubangiji ba mu gama shiryawa ba, kullum da safe sai na tayar da maganar. Amma yanzu ina da addu'ar da zan iya yi a durƙushe, wadda ba sai ɗan wata ya mutu ba.

Tsaraba babu, sai rigar sanyi ɗaya, kuma Sale za a ba. In kun tashi addu'a yau, na san za ku ce Malam Iliya kamar kullum. Inna ta aiko ni in ce ku haɗa da Nomau. Ta ce ita da wannan sunan ta san shi, kuma an riga an yi kuskuren mutum sau ɗaya, kada a sake.